Tamowa da Likitoci: Darasin da Yaran Gidan Rumji Suka Shigar a Littafi

Wanda ya bi kwaltar da ta tashi daga Maraɗi ta ratsa Tsibiri zuwa Gidan Rumji a watan Agusta ba zai ga alamar yunwa ba. Hatsi ya wuce tsayin mutum, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa, gujiya ta rufe ƙasa. Haka zai gani in ya karkata arewa wajen Cadakori, haka kuma in ya juya gabas ya nufi Caduwa da Agye da Gazawa. Nan ne rumbun Nijar, in ji mutane. Amma a daidai wannan lokaci ne ɗakunan kwantar da yara suke cika a asibitocin yankin, har wata shekarar gado ɗaya ya ɗauki yara biyu. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, iyaye mata suna gona tun safe, sauro kuma ya samu ruwa.

Sunan ciwon ba baƙo ba ne ga kowa: tamowa. Kowace kaka ta san kamanninta. Yaro ya rame har fatar ɗuwawu ta saki kamar wandon aro, fuska ta koma ta tsoho, ko kuwa ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, ya daina wasa, ya daina ko kukan kirki. Abin da aka daɗe ba a gane ba, har a manyan makarantun likitanci na duniya, shi ne abin da ke gudana a cikin jikin wannan yaro. An yi shekara da shekaru ana lalube, an tafka kurakuran da suka ci rayuka, kuma wani yanki na abin da ɗaliban likitanci ke haddacewa yau daga yaran wannan ƙasa aka samo shi.

Mutanen da suna da nasu bayanin. Idan mace ta yi ciki alhali tana shayarwa, wato kwanika ko rurrutsa, sai a ce nono ya ɓaci, yaro ya sha ciki. Sai a yaye shi rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, ya koma kan kunu da fura. In zawo ya kama shi a ce haƙori ne, in yana amai a kira wanzami ya cire beli. Bai kamata a yi wa tsofaffin nan dariya ba, domin idonsu ya ga daidai: yaron da aka yi wa ƙane da wuri shi ne tamowa ta fi kamawa. Inda suka kauce shi ne dalili. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Raba yaro da shi farat ɗaya, a bar shi da ruwan hatsi tsinkakke, shi ne ke kayar da shi.

Abin mamaki, irin wannan lura ta tsofaffi ce ta ba ciwon sunansa na asibiti. Dakta Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, ta isa Gwalkwas, Gana ta yau, a 1929, ta yi aiki a asibitin yara na Akara. Tana ganin yara masu kumburi da saɓar fata suna mutuwa, sai ta riƙa buɗe gawarwakinsu tana dubawa, ta tarar hanta ta cika da kitse. A 1933 ta rubuta bayanin ciwon. Wani babban likita a Landan, Hugh Stannus, ya ce ba wani sabon abu ba ne, wata tsohuwar cuta ce ta masu dogara da masara. Williams ba ta janye ba. Ta tambayi matan ƙabilar Ga yadda suke kiran abin, suka ce kwashiorkor, ciwon da babba ke kamuwa da shi idan an haifi mai bi masa. Da wannan suna ta buga shi a mujallar Lancet a 1935. Da a Gobir ta yi aiki, wataƙila yau likitocin duniya kalmar Hausa suke furtawa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai masana suka tsaya a kan amsa ɗaya: rashin furotin. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga rahoton Brock da Autret kan wannan ciwo a Afirka, daga nan aka shiga zamanin neman furotin ido rufe, ana sarrafa garin kifi da na waken soya. Lissafin yana da sauƙin koyarwa a aji: furotin ya yi ƙasa a jini, ruwa ya tsere daga jijiya ya taru a ƙafa. Sai a 1974 Donald McLaren ya fito a Lancet ya ce an yi asarar shekaru, domin yawancin yaran abinci ne gaba ɗaya bai ishe su ba, ba furotin kaɗai ba.

Duk wannan muhawara ana yin ta ne nesa da Maraɗi. Faransa ta buɗe makarantar likitanci a Dakar a 1918 don dukan ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma, kuma mataimakan likita take yayewa, masu yin allura da bin annoba. Hankalin likitocin mulkin mallaka yana kan sanƙarau da agana da kuturta. Ƴan mishan na SIM sun buɗe asibitin Galmi a 1950, suka buɗe na kutare a Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. Nijar ba ta fara horar da likitocinta a gida ba sai 1974, a jami'ar Yamai. Yunwa kuwa, tun daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 har El Buhari ta 1984, ana ɗaukar ta maganar buhu da tiya. Yaron da ya rame abinci yake so, a ba shi abinci. In ya bushe da zawo a yi masa ƙarin ruwa. Kowa yana ganin babu abin nazari a nan.

Ashe nan ne tarkon yake. A cibiyar bincike da John Waterlow ya kafa a Jamaika cikin shekarun 1950, wadda Michael Golden ya yi aiki a cikinta daga baya, an riƙa auna jikin yara masu tamowa gaɓa-gaɓa, sai hoton ya fito. Jikin da ya daɗe cikin rashi yakan yi abin da magidanci mai hankali ke yi idan rumbu ya yi ƙasa: ya rage kashe kuɗi ta kowace fuska. Zuciya ta ƙanƙance ta rage bugu. Ƙoda ta rage tacewa. Hanta ta kasa ajiye sukari. Fatar cikin hanji, wadda a lafiyayye take da ƴan tsirai kamar gashin bargo don tsotse abinci, ta shafe ta yi sumul, ƙwayoyin cuta su samu hanyar kutsawa cikin jini. Wani ɗan ƙullutu da ke bayan ƙashin ƙirji, inda jiki ke horar da dakarunsa na kariya, ya shanye.

Wurin da ya fi ba ɗalibai wahala, kuma ya fi kashe yara, shi ne maganar gishiri. A bangon kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wani ɗan famfo da ba ya hutawa, yana fitar da sodiyam waje yana shigo da fotasiyam. Aikin nan yana cin kuzari mai yawa, don haka jikin mai tamowa yakan rage masa gudu. Sai sodiyam ya taru a cikin ƙwayoyin, fotasiyam ya zube ya bi fitsari. Likitan da ya auna jini zai iya ganin sodiyam ya yi ƙasa ya ce a ƙara gishiri, alhali jikin cike yake da shi. In ya rataya ledar ruwa ya sake ta da gudu kamar yadda zai yi wa lafiyayyen yaro mai zawo, ƴar zuciyar nan ta kasa turawa, ruwa ya cika huhu, yaro ya tafi kafin asuba. In ya ga kumburi ya ba da maganin sa fitsari, ya ƙarasa zubar da fotasiyam ɗin da ya rage. In ya ga ƙarancin jini ya ba da sinadarin ƙarfe tun ranar farko, ya ciyar da ƙwayoyin cuta. In ya cika shi da abinci mai nauyi don tausayi, famfon ya farka da ƙarfi, gishirin jiki ya hargitse. Ga shi kuma yaron ba ya yin zazzaɓi ko da cuta ta cika masa jini, domin zazzaɓi ma kuzari yake ci. Sau da yawa sanyi jikinsa yake yi.

Wato duk abin da hankali da tausayi suka ce a yi, shi ne bai kamata a yi ba. A 1996 Claire Schofield da Ann Ashworth suka tattara rahotannin asibitoci na shekaru masu yawa, suka nuna cewa a tsakaici yaro biyu zuwa uku cikin goma da aka kwantar suna mutuwa, kuma adadin bai motsa ba tun shekarun 1950. Ilimin yana nan a mujallu, bai shiga aji ba. Sai a 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora da aka gina kan wannan fahimta: a fara da ɗumama yaro da ba shi sukari, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta ko ba zazzaɓi, a shayar da shi madara marar nauyi mai suna F-75 kaɗan-kaɗan dare da rana, sai ya farfaɗo ya nemi abinci da kansa a koma F-100.

Madarar tana aiki, amma da ruwa ake dama ta, kuma madarar da aka dama da ruwan rijiya aka ajiye a zafin Gobir ta zama gonar ƙwayoyin cuta cikin sa'o'i. Dole sai a asibiti, wata guda cur. Wace uwa ce daga ƙauyen Cadakori za ta bar gona da sauran yara a tsakiyar damina ta tare wata guda a Maraɗi? Wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka warware wannan a 1996. Suka zuba sinadaran F-100 cikin markaɗaɗɗiyar gujiya da mai da sukari da garin madara. Babu ruwa a ciki, don haka ƙwayar cuta ba ta yaɗuwa. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, kuzarinsa kalori 500. Suka sa masa Plumpy'Nut.

A nan ɗan Maraɗi zai yi murmushin takaici. Gujiya ce ta gina garin. Da ita alhazan birni suka yi suna a shekarun 1950 da 1960, ita aka riƙa lodawa ana kaiwa Faransa, har fari da cutar gujiya ta 1975 suka karya noman. Ga ta ta dawo daga Normandi cikin leda mai ƙyalli a matsayin magani. Daga 2005 ne wani kamfani a Yamai ya fara sarrafa ta a gida.

Shekarar 2005 ita ce ta juya komai. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta taɓa wasu wurare, kuɗin hatsi ya haura abin da talaka zai iya. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke Maraɗi tun kafin nan, ta yi abin da ba a taɓa gwadawa da irin wannan yawa ba: yaron da ke iya cin abinci kuma ba shi da wata cuta mai tsanani, a ba uwarsa ƙunshin mako guda ta koma gida, ta dawo awo, mai tsanani kaɗai ake kwantarwa a asibiti. A shekarar ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma kusan tara cikin goma sun warke. Tambayar da ke raba hanyoyin biyu ba ta buƙatar na'ura. Ana miƙa wa yaro ƙunshin a cinyar uwarsa a ga ko zai ci, domin ƙin cin abinci a wurin mai tamowa shi ne ke tsayawa a madadin zazzaɓin da jikinsa ya kasa yi. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan tsari ga duniya baki ɗaya, bisa abin da aka gani a Habasha da Malawi da Nijar.

Gidan Rumji ta shiga littafi da sunanta. Tsakanin 2006 da 2007 an yi gwaji a ƙauyuka 12 na gundumomin Madarumfa da Gidan Rumji, inda aka ba yaran da ba su kai ga ramewa ba ƙunshi ɗaya a rana tsawon wata uku, aka ga ramewa ta ragu. Sheila Isanaka da abokan aikinta suka buga sakamakon a mujallar JAMA a 2009. A daminar 2007 kuma MSF ta raba wani ɗan'uwan wannan abinci ga yara kimanin 60,000 masu wata shida zuwa shekara uku a faɗin gundumar Gidan Rumji, sai tudun da aka saba gani na masu tsananin tamowa a lokacin ya kwanta.

Sai aka koma cikin jini da hanji. Binciken da aka yi wa yara 311 da aka kwantar a Maraɗi tsakanin 2007 da 2008 ya samu ƙwayoyin cuta a jinin kusan ɗaya cikin shida. Wani binciken a wurin ya fito da abin tsoro: kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran sun zo da ƙwayoyin hanji masu bijire wa manyan magunguna, waɗanda suka zo babu kuwa kusan dukansu sun kwasa kafin a sallame su. Asibitin da ke ceto shi ne kuma ke rabawa. Wannan ya sa aka sake tambayar da ake ganin an rufe: dole ne kowane mai tamowa ya sha amoksisilin? A Malawi, gwajin da aka buga a 2013 ya ce e, yana rage mutuwa. Cibiyar bincike ta Epicentre, wadda ta kafu a Maraɗi a 2009, ta gwada a kan yara kusan 2,400 a Madarumfa, aka buga a 2016: bai ƙara yawan masu warkewa ba, ko da yake ya rage masu buƙatar kwanciya. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Yaran Malawi masu kumburi ne akasari, ga cutar ƙanjamau; na Maraɗi masu ramewa ne, masassarar cizon sauro ke bin su. Suna ɗaya, ciki daban.

Masassarar ma an bi ta. Ƙwayarta tana fasa jajayen ƙwayoyin jini a daidai watannin da yaro ba shi da abin mayar da su, shi ya sa daga 2013 aka fara ba ƙananan yara maganin rigakafi wata-wata a damina, kuma Gidan Rumji na cikin wuraren farko.

Ba kowa ne ya ji daɗin wannan suna da yankin ya yi ba. Shugaba Tandja Mamadu ya musanta cewa akwai yunwa a 2005, kuma a watan Yulin 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi, suka tattara a ƙarshen shekarar. Taƙaddamar tana da tushe, domin madubin likita ba ya nuna komai da komai. Rudolf Virchow, Bajamushen da ya kafa ilimin cuta na zamani a 1858 da koyarwar cewa kowace cuta daga ƙwayar halitta take farawa, shi ne kuma shekara goma kafin nan aka aika binciken annoba a Silesiya ya dawo ya ɗora laifin kan talauci da mulki. A kudancin jihar Maraɗi mutane sun yi yawa, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, gamanar da mace ke nomawa don miyarta da furar ɗanta tana ƙanƙancewa ko ta ɓace, kamar yadda Marthe Diarra da Marie Monimart suka nuna a 2006. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana nazarin Maraɗi, ta yi gargaɗi kan saurin ɗora wa uwa laifin sakaci. Tana da gaskiya. Uwar da aka ce ta jahilci abinci ita ce aka damƙa wa magani a 2005, ta kuma warkar da ɗanta a ɗakinta.

Yau ɗan Cadakori da ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare ba sai ya je Dakar ba, ba ma sai ya je Yamai ba. An kafa jami'a a Maraɗi a 2010, daga baya aka sa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai ɗan garin wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi a zamanin Shugaba Diori Hamani, kuma tana da tsangayar ilimin lafiya. Kamar takwarorinsu na sauran ƙasashe masu Faransanci, ɗalibai suna taƙaita sunayen darussan biyu da ke hana su barci: anapat, inda ake yanka tsoka siririya a rina ta a duba a madubi, da fiziyopat, inda ake bin sawun cuta daga mafari zuwa alama. A can Turai ɗalibi hoton hanta mai kitse yake gani a littafi. Na Maraɗi yana fita aji ya tarar da mai hantar a kan gado, uwarsa na yi masa fifita, kuma zai yi mata tambaya da harshen da ya sha a nono: “Inna, tun yaushe ya bar cin abinci?” Sai dai littafin da Faransanci yake, binciken da aka yi a ƙauyensu kuma da Ingilishi aka buga shi a Amurka. Aikin mayar da famfon sodiyam zuwa Hausar da za ta hana kaka ɗura wa jika ruwan gishiri, a wuyansa yake.

Wani ɓangare na aikin ma ya riga ya bar hannun likita. Zirin awon dantse mai launi uku, wanda ja ke farawa ƙasa da milimita 115, an gwada a Mirya ta jihar Damagaram an ga iyaye mata suna auna shi daidai kamar ma'aikatan lafiya, yanzu kuma ana raba musu shi su ajiye a gida.

Kumburin da Cicely Williams ta gani a Akara kuwa har yau masana ba su daidaita a kansa ba. A 1980 Golden ya nuna yana saɓewa tun furotin ɗin jini bai tashi ba, abin da ya girgiza tsohon lissafi. Ralph Hendrickse ya zargi gubar aflatoksin, ta fumfunar da ke kama gujiya da masara in an adana su da danshi. Golden ya ce jiki ne ya rasa garkuwarsa daga wasu sinadarai masu cin tsoka, amma da aka ba yara sama da 2,000 a Malawi abin da ya kamata ya kare su, ciwon bai fasa zuwa ba. A 2013 aka ɗauki ƙwayoyin hanjin tagwayen Malawi, ɗaya mai kumburi ɗaya lafiyayye, aka sa wa ɓeraye. Waɗanda suka karɓi na mai ciwon suka rame da aka ba su abincin ƙauyen. A ɗakin yara na Gidan Rumji, ɗalibi mai koyon aiki zai danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro biyu, ya ƙirga uku, ya ɗaga. In rami ya tsaya, ya san abin da zai rubuta da abin da ba zai rataya ba. In malaminsa ya tambaye shi abin da ya kawo ramin, amsa huɗu ce a littafi, kuma zai jero su duka.